Fatsar Teku a Tsibiran Bijagos

Tsibiran Bijagos suna cikin Tekun Atilantika, daura da bakin kogin Jeba a ƙasar Gini Bisau, kuma adadinsu ya kai 88 idan aka haɗa manya da ƙanana, ko da yake waɗanda mutane ke zaune a cikinsu rani da damina ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Asalinsu laka ce da yashi waɗanda koguna suka daɗe suna kwasowa daga tudu suna jibgewa a bakin teku, har ruwan gishiri ya taso ya ratsa tsakaninsu ya rarraba su, shi ya sa babu dutse mai tsayi a cikinsu, ruwan da ke kewaye da su kuma ba shi da zurfi sai a cikin kwazazzaban da gudun ruwa ya ƙwaƙule a ƙarƙashi. Wannan yanayi ne ya fito da sunan wurin a wajen masu fatsar nishaɗi, wato mutanen da ke biyan kuɗi mai yawa su ƙetaro daga Turai, galibinsu daga Faransa, domin su kama kifi da sanda da zare da ƙugiya, ba don ci ko sayarwa ba, sai don daɗin kokawa da shi.

Ga wanda ya tashi a Yawuri ko Argungu ko bakin tafkin Chadi, inda su sana'a ce ta gado a hannun Sarkawa da makamantansu, wannan al'ada tana iya zama abin dariya, domin a can darajar masunci tana ga yawan abin da ya fitar da taru ko kalli ko mamari, ita kuwa fatsa an fi barinta ga yara da masu neman na miya. Amma neman ƙaton kifi don suna ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tun da yake gasar Argungu, wadda ta samo asali daga bikin shekarar 1934, ana cin ta ne da kifi ɗaya mafi nauyi da mutum ya fito da shi daga Matan Fada da homa da gora. Inda mai fatsar teku ya sha bamban shi ne yana ɗaure kansa da sharaɗi da gangan, yana zaɓar zaren da kifin zai iya tsinkawa idan aka yi masa gaggawa, ta yadda nasara za ta rataya a kan haƙuri da iya sarrafa sanda maimakon ƙarfin igiya.

Hanyar shiga tsibiran ta bi ta Bisau, babban birnin ƙasar, inda jiragen sama daga Lisbon da Dakar da Kasabalanka ke sauka a filin Osvaldo Vieira, ko da yake wasu baƙin kan yanke hanya da ƙaramin jirgi daga Senegal zuwa ɗan filin da ke tsibirin Bubake. Harshen gwamnati Fotugis ne, na kasuwa kuwa Kiriyol, wanda ya samu daga cuɗanyar Fotugis da harsunan yankin, kuɗin ƙasar kuma sefa ce tun shekarar 1997, irin wadda ake kashewa a Maraɗi da Damagaram. Tashar jiragen ruwa ita ce Pijigiti, wadda ke da matsayi a tarihin ƙasar saboda a nan ne ranar 3 ga Agusta 1959 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan 'yan dako masu yajin aiki suka kashe kimanin 50, abin da ya ƙara tura masu neman 'yanci zuwa ɗaukar makami. Matafiyin da ya tsaya a wannan tasha ya tambayi ƙarfe nawa jirgi zai tashi zai tarar amsar jiya daban, ta yau daban, kuma zai yi kuskure idan ya ɗauki hakan sakaci irin na tashar mota, domin da zai leƙa ƙasan gadar a wasu sa'o'i, da ya ga kwale-kwale kwance a gicciye a kan laka, ruwan da ya kamata ya ɗauke su ya tafi can nesa.

Abin da ke faruwa shi ne cikowar teku da janyewarsa, kuma wanda bai fahimci wannan ba ba zai gane kome a sha'anin fatsar Bijagos ba. Jan da wata yake yi wa ruwan duniya, tare da taimakon rana, yana sa teku ya ciko sau biyu ya janye sau biyu a cikin yini da kwana, tsakanin cikowa da cikowa kuwa akwai kimanin sa'o'i 12 da minti 25, saboda haka kullum lokacin yana jinkirta da wajen minti 50 a kan na jiya. A ranakun tsayuwar wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu, rana da wata suna ja a kan layi ɗaya, sai ruwa ya ciko ƙwarai ya kuma janye ƙwarai, wannan shi ne babban ruwa. A wajen 8 ga wata da 23 kuwa jansu yana saɓawa, sai a sami ƙaramin ruwa, wanda ba ya hawa sosai ba ya sauka sosai. A gaɓar Legas tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa ba ta cika wuce mita 1 ba, amma a nan, saboda ƙasan teku shimfiɗaɗɗe ne mara zurfi, bakin kogin Jeba kuma ya yi siffar mazurari, tazarar takan kai mita 4 ko fiye a ranakun babban ruwa. Ma'anar wannan ita ce sau huɗu a kowace rana ruwa mai ɗimbin yawa yana matsuwa ta 'yan hanyoyin da ke tsakanin tsibirai, yana gudu kamar kogi ya kawo a watan Agusta, yana kwasar ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa, manyan kifaye kuwa suna laɓewa a bayan duwatsu da kusurwoyin tudun yashi suna jiran abin da za a kawo musu. Saboda haka gogaggen mai fatsa ba ya sayen tikitin jirgi sai ya duba jadawalin ruwa, wato takardar da ke nuna lokacin cikowa da tsayinta a kowace rana ta shekara, kuma mutumin da ya saba ƙirga kwanakin wata saboda azumi da salla yana da rabin wannan ilimi a kansa tun kafin ya taɓa ganin teku.

Ƙetarawa zuwa Bubake takan ci sa'o'i huɗu ko biyar a babban jirgin fasinja, ƙaramin jirgi mai gudu kuwa yana yin ta a ƙasa da rabin haka. Da farko ruwan ja ne kamar kunun kanwa saboda lakar kogi, sannan ya riƙa washewa yana komawa kore yayin da tsibirai ke ɓullowa, kowanne da ɗamarar wasu itatuwa masu tsirowa a cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye a fili kamar ƙafafun gizo, mutanen ƙasar suna kiransu tarafe. A cikin waɗannan saiwoyi ne kifaye ke yin ƙuruciyarsu, domin babba ba ya iya kutsawa ciki. Idan ruwa ya janye sai filayen laka su bayyana iyakar ganin ido, mata su bazu a kai da kwanduna suna tonon wani dodon koɗi da suke kira kombe, a gefensu kuma ga dubban ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suka gudo wa sanyin arewacin Turai da Siberiya, domin bayan Bank Dargin na Muritaniya babu inda irin waɗannan tsuntsaye ke taruwa a Afirka ta Yamma kamar nan. Bubake ɗan gari ne mai kasuwa ɗaya da gadar sauka ɗaya, kuma yawancin masaukan masu fatsa suna nan ne ko a tsibirin Rubane da ke tsallake, ko a wasu ƙananan tsibirai na nesa, 'yan bukkoki ne a ƙarƙashin itatuwan kwakwar manja, da injin wuta, da jirage biyar ko shida a ɗaure.

Daren farko na shirin kaya ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sandar fatsar teku ana yin ta da zaren kabon, mara nauyi amma mai jure lanƙwasa, a jikinta akwai zobba da zare ke ratsawa, a gindinta kuma ana ɗaura kwarkwaro, wato na'urar da ke naɗe zaren idan aka juya hannunta. Abu mafi muhimmanci a cikin kwarkwaron shi ne birki, wasu 'yan faya-fayai ne da ke matse juna, waɗanda ake saitawa yadda idan jan kifi ya kai wani matsayi zare zai riƙa fita da ƙyar maimakon ya tsinke, ƙa'idar da aka saba bi kuwa ita ce a saita shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zaren kansa a yau kitsattse ne, siriri ƙwarai, ba ya miƙewa, amma ba ya jure gogar dutse, don haka ake ƙulla masa mita ɗaya ko biyu na kakkauran zaren roba a gaba, wanda shi ne zai sha gogar bakin kifi da kaifin kawa. Ƙullin da ya haɗa waɗannan zaruruwa biyu shi ne inda akasarin manyan kifaye ke kuɓucewa, kuma abin lura ne yadda mutumin da ya kashe dukiya wajen sayen sanda kan yi ƙyuyar minti goma da zai zauna ya sake ƙulli a ƙarƙashin fitila.

Da asuba aikin farko shi ne neman ƙoto. Matuƙin jirgi, wanda yawanci ɗan tsibiran ne ko ɗan Senegal da ya daɗe a wurin, yana shiga ruwa iya gwiwa da birgi a kafaɗa, ya tsaya shiru har sai ya ga fuskar ruwa ta yi ɗan yamutsi, sannan ya watsa ya jawo tainya ko jafal, ƙananan kifaye masu maiƙo waɗanda za a ajiye da rai a cikin durom mai ruwa. Baƙo yakan zo da na'urar da ke nuna zurfi da wadda ke nuna wuri ta tauraron ɗan adam, suna kuwa da amfani, sai dai tudun yashi a Bijagos yana ƙaura daga damina zuwa damina, taswirar bara tana iya kai jirgi kan tudu bana. Matuƙin yana karanta launin ruwa da yadda yake tafasa a kan dutsen da ba a gani, ya san wace kusurwa ce ke ci a sa'a ta biyu ta cikowa, wace ce kuma ba ta ci sai ruwa ya fara sauka, ilimin da bai taɓa shiga takarda ba. Da ɗan gari akan ci gari, baƙon da ya yi gardama da matuƙinsa kan inda za a je yakan yini yana jifa a ruwan da babu kowa.

Idan ruwa ya soma gudu, idon kowa yana sama yana neman tsuntsaye, domin inda suke shawagi suna faɗawa ruwa alama ce manyan kifaye sun koro ƙanana zuwa sama. Matuƙi ba ya kutsawa tsakiyarsu da inji, yakan zagaya ta inda ruwa ke fitowa ya kashe wuta, ya bar gudun ruwa ya kai jirgin a hankali. A nan ake amfani da kifin ƙarya, wani guntun katako ko roba mai kaurin totuwar masara, fentacce, mai ƙugiyoyi a ciki da wutsiya, bakinsa a rarake kamar ludayi. Ana wurga shi nesa, mita 50 ko fiye, sannan a riƙa fizgar sanda ana naɗewa, kowace fizga sai bakin nan ya kamfaci ruwa ya yi ɓulum ya bar kumfa, kamar kifin da ya ji rauni yana neman tsira. Wanda ya fi amsa wannan kira shi ne karangi, kifi mai faɗin jiki da ƙaton goshi da wutsiya mai kama da lauje, wanda ke farauta a garke, har akan ga uku ko huɗu sun biyo kifin ƙaryan suna ture juna, bayansu a waje, kafin ɗaya ya rufe shi da baki ruwa ya fashe. Daga nan birki ya ɗauki kuka, zare yana fita, mai sanda kuwa ba shi da abin yi sai ya kafa gindinta a ɗamarar da ke ƙugunsa ya jira gudun farko ya ƙare. Yadda ake jawo shi ba da juya kwarkwaro kawai ba ne, ana ɗaga sanda a hankali a janyo kifin, sannan a sauke ta ana naɗe abin da aka samu, a maimaita haka sau da yawa, shi kuwa karangi yana juya faɗin jikinsa ga gudun ruwa yana kewaya jirgi, ta yadda mai kilo 10 kan gajiyar da ƙato a cikin rubu'in sa'a.

Lokacin da hannuwa suka gaji, ko ake tafiya daga wani wuri zuwa wani, akan saki kifin ƙarya mai dogon leɓe a bayan jirgi ana jansa a hankali, leɓen yana sa shi nitsewa yana kaɗa jiki, wannan kuwa shi ne tarkon barakuda, wanda ake kira bikuda da Kiriyol, dogon kifi mai haƙora irin na tsage, wanda dole a sa masa guntuwar waya a gaban ƙugiya. Ba dabara ce mai yawa ba, kuma masu ji da kansu ba su cika ƙirga ta ba. Wanda ya fi neman gwaninta shi ne jan kifin duwatsu, wanda ke zaune a cikin kogunan marmara a ƙasan ruwa, ana saukar masa da ƙoto mai rai da dalma, da zarar ya kama kuwa sai ya juya ya nufi raminsa. Da shi ana saɓa ƙa'idar da aka ambata, a ɗaure birki tamau a hana shi zare ko taƙi ɗaya a cikin daƙiƙu biyar na farko, domin idan ya kai ramin zaren zai gogi dutse ya rabu.

Da tsakar rana, idan ta dace da janyewar ruwa, akan sauka a kan wani tudun yashi fari wanda sa'o'i uku da suka wuce yana ƙarƙashin teku, a gasa kifi, a kuma yi jifa daga tudu da doguwar sanda zuwa cikin kwarin da ruwa ya rage. Mai shiga ruwa a nan ana gargaɗinsa ya riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa, saboda kunamar ruwa, faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya, 'yar'uwar wadda masuntan Binuwai suka sani, tana binne kanta a yashi, idan aka zungure ta takan gudu, idan aka taka ta kuwa takan yi harbi. A irin waɗannan kwaruruka ake samun wani kifi mai dogayen gashin baki a ƙarƙashin ƙirji da masu jin Faransanci ke kira kapiten, sunan da a Yamai ake ba giwan ruwa, alhali ba su haɗa dangi ba. Matuƙi ba ya barin jirgi a wuri ɗaya a wannan lokaci, yana ta tura shi gaba yana bin ruwa, don jirgin da ya zauna a kan yashi sai ya jira cikowa ta gaba.

Duk waɗannan kifaye share fage ne a wajen mutumin da ya zo don tarfon. Wannan kifi ne mai ɓawo fari fat kamar azurfa, kowane ɓawo ya kusa tafin hannun yaro, tsawonsa yakan wuce mita 2, yana kuma iya rayuwa fiye da shekara 50. Naman ba shi da daɗi, ƙaya ta yi masa yawa, saboda haka babu abin da ake nema a wurinsa sai faɗa. Yana da wata jaka ta iska a ciki wadda ke yi masa aiki kamar huhu, yakan taso ya shaƙi iska ya koma, kamar yadda gaiwa da bargi ke yi a fadamun Arewa, abin da ke ba shi damar zama a ruwan laka mai ƙarancin iska, kuma wannan tasowa ce ke tona asirin inda yake, domin da sassafe idan ruwa ya kwanta akan hango bayansa ya juya yana walƙiya. Ana kafa jirgi da anga a bakin kwazazzabo, a ɗaura jarka a igiyar angar yadda za a iya sakinta nan take a bi kifi, sannan a saki tainya a bayan jirgi, wani lokaci a ƙarƙashin balan-balan da ke riƙe ta a zurfin da ake so. Abin da ya rage shi ne jira a cikin rana, jiran da kan ɗauki yini guda, wani lokaci mako ya ƙare ba a ga kome ba, abin da masu tallar masaukai ba su cika faɗa ba.

Bakin tarfon ƙashi ne, ƙugiya ba ta shigarsa da sauƙi, shi ya sa aka fi amfani da ƙugiya mai zagaye, wadda tsininta ya lanƙwaso ciki. Da irin wannan ƙugiya ba a fizga idan kifi ya ɗauka, ana barinsa ya juya ya tafi har zare ya miƙe da kansa, sai ƙugiyar ta zamo daga maƙogwaro ta maƙale a kusurwar baki, kuma hana hannu fizga a wannan lokaci ya fi kome wuya ga wanda ya koyi fatsa a kogi. Da ya ji ƙarfe sai ya yi sama gaba ɗayansa, kifin da ya fi mutum nauyi ya tsaya a iska yana girgiza kai, marufan kunnuwansa suna kaɗawa da ƙara kamar ana karkaɗa faranti. A daidai wannan lokaci mai sanda yakan sunkuya ya miƙa sandar wajen kifin domin zare ya yi sako-sako, saboda nauyin da ruwa ke ɗauke masa ya koma kan zaren gaba ɗaya, idan kuwa ya faɗo a kan miƙaƙƙen zare to an rabu. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki ƙoto a tsalle na farko ko na biyu suke tofar da ƙugiya. Wanda ya zauna kuwa yakan ja jirgi sa'a guda ko fiye, kuma duk lokacin da aka ga ya gaji sai ya taso ya shaƙi iska ya sami sabon ƙarfi, saboda haka gwanaye ke ja ta gefe, suna karkata sanda ƙasa zuwa kishiyar inda ya nufa don su hana shi daidaita.

A kusa da Rubane ne ranar 20 ga Maris 2003 wani mai suna Max Domecq ya kama tarfon mai nauyin kilo 129.98, wanda ƙungiyar IGFA ta rubuta a matsayin mafi girma da aka kama da sanda, bayan da na tafkin Marakaibo a Benezuwela na shekarar 1956 da na tsibirin Sherbro a Saliyo na 1991, masu kilo 128 da 'yan kai, suka daɗe suna riƙe da kambun. An kafa wannan ƙungiya a Amurka a shekarar 1939, marubuci Ernest Hemingway yana cikin mataimakan shugabanta na farko, kuma ita ce ke tsara dokokin wasan, waɗanda suka haɗa da cewa daga lokacin da kifi ya ɗauki ƙoto babu wanda zai taɓa sanda ko kwarkwaro ko zaren sai mai fatsar, kuma dole a auna kifin a kan tudu da ma'aunin da aka tantance. Sharaɗin aunawa a tudu yana nufin mutuwar kifin, shi ya sa daga baya aka buɗe wani rukuni da ake auna tsawo kawai a sake shi.

Sakin kifi bayan an sha wahalar kama shi shi ne abin da ya fi ɗaure wa baƙon wannan al'ada kai, amma yana da hujja, domin kifin da ya yi shekara 30 kafin ya kai wannan girma ba a maye gurbinsa a damina ɗaya, kuma tarfon yana cikin jerin halittun da ake fargabar raguwarsu a duniya. Ba a ɗaga babba cikin jirgi, ana riƙe leɓensa a gefe da safar hannu, a zare ƙugiya da filaya, a tura jirgi a hankali yadda ruwa zai ratsa bakinsa har ya buga wutsiya ya ƙwace. Sai dai bai kamata a gaskata duk abin da ake faɗa game da tausayin wannan hanya ba, domin kifin da aka ja sa'o'i biyu da siririn zare don neman yabo yakan tafi a galabaice, kifin shak kuwa yana biye da shi, saboda haka mai gamawa da wuri da kakkauran zare ya fi mai dogon wasa adalci. Karangi da jan kifi kuma ba duka ake saki ba, wasu suna shiga tukunyar masauki, wasu matuƙa su tafi da su gida.

Dalilin da ya sa har yanzu akwai irin wannan kifi a Bijagos alhali ya yi ƙaranci a gaɓoɓin maƙwabta yana komawa ga mutanen tsibiran, waɗanda yawansu bai wuce wajen 30,000 ba. Duk da cewa teku ya kewaye su, noman shinkafa da manja da kashu da tonon kombe sun fi su ƙarfi a rayuwarsu, kuma al'adarsu ta keɓe wasu tsibirai da gaɓoɓi a matsayin wurare masu tsarki, inda ba a zama, ba a zubar da jini, ba a kuma shiga sai da izinin dattawa. Mulkin mallaka bai sami damar rusa wannan tsari ba saboda ya makara wajen shiga, tsibirin Kanyabak ma bai miƙa wuya ga Fotugal ba sai a shekarar 1936. A kan wannan tushe aka ɗora dokokin zamani, UNESCO ta sa yankin cikin wuraren kiyaye halittu a 1996, aka kafa gandun Orango, inda dorina ke shiga ruwan gishiri, da na Joao Vieira da Poilao a 2000, sannan a 2025 aka sa wani sashe na tsibiran cikin kayan tarihin duniya. Poilao ɗan tsibiri ne da ake zagayawa da ƙafa cikin ɗan lokaci, amma dubban kunkurun teku suna hawa yashinsa su yi ƙwai a ƙarshen damina.

Kariyar ba ta cika ba. Manyan jiragen su na ƙasashen waje suna shara a bakin iyaka, masunta daga ƙasashen maƙwabta sun daɗe suna kafa sansani suna kama shak don fukafukansa da ake sayarwa Asiya, jiragen sintiri kuwa kaɗan ne ga faɗin ruwan. Kifi mai zarto, wanda hancinsa dogo ne mai haƙora a gefe biyu, wanda kuma samarin Bijagos ke sassaƙa kamanninsa su ɗora a ka a raye-rayen balaga, ya kusa ɓacewa, har ya zama an fi ganinsa a jikin kuɗi, domin tambarin da ke kan sefa siffarsa ce. Game da kuɗin da fatsar nishaɗi ke kawowa kuma, kaso mafi tsoka yana tsayawa a hannun masu masaukai da kamfanonin tafiye-tafiye na waje, abin da ke isa ƙauye bai wuce albashin matuƙa da masu dafa abinci da 'yar kyautar sallama ba.

Masaukai suna buɗewa bayan ɗaukewar ruwan sama, wajen Oktoba ko Nuwamba, su rufe a watan Mayu kafin hadari ya dawo. A Disamba da Janairu hunturu yana isowa har nan da ƙurarsa, tsibirai su ɓace cikin hazo, iskar safe ta tayar da 'yan raƙuman ruwa masu jiƙa fasinja. Ranar komawa jadawalin ruwa ne ke yanke lokacin tashi, ba tikitin jirgin sama ba, don haka sau da yawa akan tashi baƙi tun kafin kiran assalatu, a ɗura sanduna cikin dogon bututunsu, a wanke kwarkwaro da ruwan daɗi saboda gishiri, a shiga jirgi da tocila. Matuƙi yana bin cikowa ne zuwa cikin Jeba domin ta tura shi, yana rage wuta a wuraren da shi kaɗai ya san akwai tudu, ruwan yana komawa ja sannu a hankali, har hasumiyoyin tashar Bisau su bayyana a cikin hazo, 'yan dako suna tsaye a bakin gada suna jiran a jefo musu igiya kafin ruwa ya juya.